Kujerar Yaro a Cikin Mota: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Ɗaura Ta

Mece ce kujerar yaro?

Kujerar yaro ƙaramar kujera ce da ake ɗorawa a kan kujerar baya ta mota, a ɗaure ta sosai. Tana da igiyoyinta da ke riƙe yaro a kafaɗu da ƙugu. Aikinta shi ne ta hana yaro fita daga mazauninsa idan direba ya taka birki da ƙarfi, ko mota ta yi karo, ko ta kife. Wannan bayani zai nuna muku amfaninta, da yadda za ku gane mai kyau, da yadda ake ɗaura ta. A ƙarshe akwai shawara ga wanda ba shi da mota ko ba shi da halin sayen kujerar.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Gidimuni tana bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Maraɗi da Damagaram, ta nufi Gure da Difa. Kullum motoci suna bin ta ɗauke da mutane da rake da dabino da kayan lambun bakin tafki. A kanta kuke kai yara babban asibitin Damagaram, a kanta kuke zuwa kasuwar Mirya, da biki, da suna, da gaisuwar Salla. Hanya ce da ake gudu a kanta, kuma dabbobi da amalanke suna tsallaka ta ba zato.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023. Rahoton ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suka rasu a haɗarin hanya a shekarar 2021. Ya nuna kuma cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka gwada yawan mace-macen da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace shan wahala, ko da yake motocinta kaɗan ne. Hukumar ta ce kujerar yaro tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. A ƙasar Nijar, hukumar ANISER ce ke kula da kiyaye haɗurran hanya.

Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo

Iyaye da yawa suna ganin babu wurin da ya fi cinyar uwa aminci. A gida haka ne. A cikin mota mai gudu ba haka ba ne.

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, duk abin da ke cikinta yana wannan gudun. In ta tsaya farat ɗaya, abin da ba a ɗaure ba yakan ci gaba da tafiya har sai ya bugi wani abu. Bugun yana daidai da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar mutum ya suɓuto daga kan doguwar bishiyar dabino. A wannan lokaci nauyin yaro yakan ninka kusan sau 30. Yaro mai kilo 10 zai fizgi hannun mai riƙe da shi da ƙarfin kilo 300, wato buhu uku na gero masu kilo ɗari-ɗari. Babu uwa ko uba da zai iya riƙe wannan nauyi, komai ƙaunarsa ga ɗansa. In kuma babban bai ɗaura bel ba, jikinsa zai danne yaron a jikin kujerar gaba.

Bel ɗin mota an yi shi ne don manya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ya ƙirƙiro irin wanda ke bin kafaɗa da ƙugu a kamfanin Volvo a shekarar 1959. A jikin ƙaramin yaro, bel ɗin yakan hau wuya da ciki, inda zai iya yin lahani. Ga shi kuma kan jariri babba ne, ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Saboda haka ne wani likita ɗan Suwidin, Bertil Aldman, ya fito da kujera mai kallon baya a shekarar 1964. Idan aka yi karo ta gaba, bayan kujerar yakan tallafi kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya, kamar yadda tafin hannu ke tallafar kan jariri.

Ire-iren kujerun

Ba shekarun yaro kaɗai ake dubawa ba. Ana duba nauyinsa da tsawonsa. Ku duba katin awon yaro, ko ku roƙi ma'aikacin lafiya ya auna muku shi kafin ku je saye.

1. Kujerar jarirai. Daga haihuwa har zuwa kilo 13. Kullum baya take kallo. Tana da mariƙi irin na kwando.

2. Kujerar ƙananan yara. Daga kilo 9 zuwa kilo 18, wato har wajen shekara 4. Tana da igiyoyi biyar da ke haɗuwa a makulli guda: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya a tsakanin ƙafafu. Wasu suna kallon gaba kawai. Wasu ana iya juya su gaba ko baya.

3. Kujerar ƙarin tsawo. Daga kilo 15 zuwa kilo 36. Ba ta da igiyoyinta. Tana ɗaga yaro ne don bel ɗin mota ya bi ta inda ya dace a jikinsa. Mai majingina ta fi wadda ba ta da ita, domin tana kare kai ta gefe.

Kada ku yi gaggawar juya yaro ya kalli gaba. Sabuwar ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce lalle yaro ya kalli baya har ya cika wata 15. In kujerar ta ba da dama, a bar shi haka har shekara 2 ko fiye. A Suwidin yara da yawa suna kallon baya har shekara 4. Idan ƙafafun yaro sun taɓo majinginar mota, ba komai, zai lanƙwashe su. Kai ne abin dubawa. In saura faɗin yatsu biyu kansa ya kai bakin kujerar ta sama, ya fi ƙarfinta, sai a nemi ta gaba da ita.

Yadda za ku gane mai kyau

Abu na farko shi ne takardar shaida. Ku juya kujerar, ku duba ƙasanta ko bayanta. Kujerar da aka gwada bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƴar takarda mai ruwan goro a manne. A jikinta akwai da'ira da harafin E da lamba. Lambar tana nuna ƙasar da ta ba da shaida: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holand, E11 Ingila. Za ku ga kuma ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce biyu:

- R129, wadda ake kira i-Size. Ita ce sabuwar ƙa'ida, ta fara aiki a shekarar 2013. Tana bin tsawon yaro da santimita, kuma ana gwada kujerar da karon gefe.
- R44/04. Ita ce tsohuwar ƙa'ida, tana bin nauyin yaro da kilo. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina sayar da sababbin kujerunta tun watan Satumba na 2024, amma wadda ke da lafiya ana ci gaba da amfani da ita. Ku guji masu rubutun R44/01 da R44/02, sun tsufa ƙwarai.

Kujerun da suka fito daga Amurka suna da tasu shaidar, mai ɗauke da rubutun FMVSS 213. Kujerar da ba ta da kowace irin shaida, kada ku saya, komai kyanta. Akwai wasu na yadi da soso kawai, marasa ƙashin roba, da ake ratayawa a jikin kujerar mota. Waɗannan ba sa kare yaro daga komai.

Abu na biyu, ku je da motar da yaron wurin saye. Ba kowace kujera ce ke shiga kowace mota ba. A gwada ta a gabanku kafin ku biya.

Abu na uku, ku nemi littafin bayaninta. In ba ku iya karanta harshen da aka rubuta shi ba, hotunan da ke ciki da waɗanda ke manne a gefen kujerar za su taimaka. Malamin yaƙi da jahilci ko wani ɗan makaranta zai iya karanta muku sauran.

Idan ta hannu ce

Yawancin kujerun da ake samu a kasuwanninmu na hannu ne, suna zuwa tare da kayan gwanjo ko a cikin motocin da aka shigo da su. Kafin ku saya, ku duba waɗannan abubuwa:

- Ranar da aka ƙera ta. Tana buge a jikin roba ko a takarda. Masu ƙerawa sukan ba kujera shekara 6 zuwa 10. Zafin rana irin namu yana saurin busar da roba.
- Ku cire rigar kujerar, ku duba ko robar ta tsage, ko ta yi fari-fari a inda ta lanƙwashe.
- Igiyoyi kada su zama sun tsinke, ko sun zare, ko an ɗinke su.
- Makulli ya yi ƙara idan an kulle, kuma kada ya buɗe sai an danna shi.
- Kujerar da ta taɓa shiga babban haɗari ta gama aiki, ko da ba a ga rauni a jikinta ba. Shi ya sa ta ɗan'uwa da kuka san tarihinta ta fi ta baƙon ɗan kasuwa.

Kada a kai ta wurin baduku ko tela don a sake mata igiya. Kada a yi mata walda ko a ɗaure ta da waya.

Inda ake ajiye ta

Wurin yaro shi ne kujerar baya, har ya kai shekara 12. Tsakiya ta fi nisa da ƙofofi, amma sai in kujerar ta ɗauru da kyau a nan. In ba haka ba, a sa ta a gefen dama. A ƙasarmu motoci suna bin hannun dama, don haka za ku sauke yaro ta gefen da babu motoci.

Kada ku taɓa sa kujera mai kallon baya a gaba, inda akwai jakar iska. Jakar iska tana ɓoye a gaban mai zama kusa da direba. Idan aka yi karo takan kumbura cikin ƙiftawar ido da ƙarfin gaske. Za ta bugi bayan kujerar daidai inda kan jariri yake, kuma bugun yana kisa.

Yadda ake ɗaura ta

Hanyoyi biyu ne. Ta farko da ƙarafan ISOFIX, ta biyu da bel ɗin mota.

ISOFIX ƙananan ƙarafa biyu ne da aka kafa a jikin mota, a lungun da ke tsakanin mazauni da majingina ta kujerar baya. Ku sa yatsa ku laluba, za ku ji su. Sababbin motocin Turai duka suna da su tun shekarar 2014. A motocin Amurka ana kiran irinsu LATCH, kuma suna nan tun 2002. In kujerar tana da hannuwan ISOFIX:

1. Ku zaro hannuwan biyu, ku tura su cikin ƙarafan har ku ji ƙara sau biyu.
2. Ku duba alamar da ke gefe. Takan koma kore daga ja idan ta kama.
3. Ku tura kujerar ta manne da majinginar mota.
4. In tana da ƙafa, ku sauke ta har ta taka daɓen mota sosai. In igiyar sama gare ta, ku maƙala ta a ƙugiyar da ke bayan kujerar mota, ku ja ta ta yi tauri.

In motarku ba ta da ISOFIX, bel ya wadatar, muddin an bi ƙa'ida:

1. Ku nemi hanyar da bel zai bi a jikin kujerar. A kujerun R44, alama shuɗiya ta mai kallon baya ce, ja kuma ta mai kallon gaba. A sababbin kujerun R129, alamar kore ce.
2. Ku zura bel ta wannan hanya kaɗai. Kada ya murɗe.
3. Ku kulle bel ɗin.
4. Ku danna kujerar ƙasa da hannu ko da gwiwa, ku ja bel har sako-sakonsa ya ƙare.
5. In kujerar tana da abin matse bel, ku rufe shi.

Bayan kun gama, ku kama kujerar daidai inda bel ya bi, ku girgiza ta hagu da dama, gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita 2 da rabi, kimanin faɗin babban yatsa. In ta fi haka, ku kwance ku sake.

Kujerar sabon jariri tana bukatar ta kishingiɗa, tsaka-tsaki tsakanin zama da kwanciya. In ta miƙe da yawa, kansa zai faɗo kan ƙirjinsa ya toshe masa numfashi. Yawancinsu suna da layi a gefe da ke nuna daidai.

Hanyoyinmu suna da ramuka da gargada, kuma girgiza tana sassauta ɗauri. Ku riƙa gwada kujerar kafin kowace tafiya.

Yadda ake zaunar da yaro

- Bayansa da ɗuwawunsa su manne da kujerar.
- In yana kallon baya, igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan. In yana kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan.
- Ku ja igiya ta kama jiki. Ku gwada tsunkule ta da yatsu biyu a kan kafaɗa. In ta tsunkulu, ba ta yi tauri ba.
- In akwai maɓalli a ƙirji, ya tsaya daidai hammata.
- A lokacin ɗari, kada a sa yaro da rigar sanyi mai kauri ko a naɗe cikin bargo. A ɗaure shi tukuna, sannan a rufa masa zane a sama.
- Laya ko sarƙa ko wani abu mai tauri kada ya shiga ƙarƙashin igiya.
- A kujerar ƙarin tsawo, bel ɗin sama ya bi tsakiyar kafaɗa, na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. Kada yaro ya mai da bel ƙarƙashin hammata ko bayansa. Wannan kujera ba ta aiki da bel na ƙugu kaɗai.

Yaro yana barin kujerar ƙarin tsawo idan tsawonsa ya kai santimita 135 zuwa 150, ya iya jingina sosai gwiwoyinsa na lanƙwashe a bakin kujerar mota.

In yaro yana kuka ko yana son nono, a tsaya a gefen hanya. Kada a fito da shi mota tana tafiya. A doguwar tafiya, a tsaya bayan kowace awa 2 a fito da jariri ya huta.

Hattara da zafi

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasar Damagaram. Motar da aka rufe takan ƙara kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro yana ɗaukar zafi fiye da na babba sau uku zuwa biyar. Kada ku bar yaro shi kaɗai a mota, ko da na sayen goro ne. Ƙarfen makulli yana ƙuna idan ya sha rana. Ku rufe kujerar da farin zane in kun ajiye mota, ku taɓa ta da hannu kafin ku zaunar da yaro. Ƙura da yashi suna hana makulli kamawa. A kakkaɓe shi, a ɗauraye da ruwa zalla, kada a zuba masa mai. Igiyoyi kuwa a goge su da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan babu kujerar fa?

Yawancinmu ba mu da motar kanmu. Motar kasuwa muke shiga, ko bas, ko babur. Duk da haka akwai abin da za ku iya yi:

- Ku zauna da yaro a baya, kada ku zauna kusa da direba.
- In akwai bel, ku ɗaura naku. Kada ku zagaya bel guda a kanku da yaron da ke cinyarku, domin nauyinku zai matse shi.
- Uwa ta kwance goyo kafin ta zauna. Yaron da ke baya yana tsakanin jikinta da kujera.
- Yaron da ya wuce shekara 3 ya zauna a mazauninsa da bel. Ya fi zama babu ɗauri.
- Kada yara biyu su shiga bel guda.
- Kada a ɗora yara a bayan a-kori-kura ko a kan kaya.
- Ku guji tafiyar dare da yara, da motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima.
- In direba yana gudun wuce hankali, ku yi masa magana. Haƙƙinku ne. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Kujera guda tana iya yi wa gida da yawa aiki. Dangi masu mota ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya, a riƙa ɗauko mai jego da jaririnta da ita daga asibiti, ko ranar da za ta koma ɗakinta bayan arba'in. Ƙungiyoyin asusu irin su Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a yankin Maraɗi a shekarar 1991, za su iya saye su riƙa ba da aro.

Wasu sukan ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne. Amma mai raƙumi yakan ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, kuma muna kai yara rigakafin ƙyanda tun ba su kamu ba. Ɗaure yaro a mota shi ma rigakafi ne.

Idan haɗari ya faru

Ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ku sanar da jandarmomi. In babu wuta ko wani haɗari a kusa, kada ku fizgo yaro daga kujerarsa, domin tana tallafe da wuyansa. Ku kai shi asibiti ko da ba ku ga jini ba. Amai, yawan barci, ko kumburin ciki bayan haɗari alamu ne na rauni a ɓoye.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa jariri yake kallon baya a mota?
2. Wane rubutu za ku nema a takardar shaida kafin ku sayi kujera?
3. Yaya ake gane cewa kujera ta ɗauru sosai?
4. Waɗanne abubuwa uku za ku yi in za ku shiga motar kasuwa da yaro zuwa Damagaram?